Bindigar Araha da Tsadar da Ke Bayanta

Ƙanena, maganar bindiga ta shigo majalisar samari a ƙasarmu. A teburin mai shayi a Kazaure, ko a inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja a Babura, hirar da aka saba ita ce ta ƙwallo da farashin taki da kuɗin lefe. Yanzu sai ka ga wani ya zaro waya ya nuna hoton ƙaramar bindiga, baƙa wuluk, ya ce irin ta sojoji ce, kuma ya san mai kawowa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Nan take gardama ta kaure. Wannan ya ce ƙirar Rasha ta fi ƙarko, wancan ya ce ta Italiya ta fi ɗaukar harsashi, wani kuma ya ce ai ta maƙera ma ta wadatar tunda ita ce daidai aljihun talaka. Kowa na auna wacce ta fi sauƙin kuɗi. Ni so nake mu zauna mu kai lissafin nan ƙarshensa, domin abin da ake miƙa wa dillali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da mai bindiga ke biya.

Ba zan raina tsoron da ya haifi wannan hira ba. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina. Daga Babura tafiya kaɗan ce zuwa Baure da Babban Mutum, inda ake ƙetarawa zuwa Magarya a Jamhuriyar Nijar. Shekara da shekaru muna jin abin da ake yi wa mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari, muna cewa Allah ya kiyaye, muna ganin abin yana can nesa. A ƙarshen 2025 sai ga 'yan bindiga sun fara taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a Jihar Kano, wato dab da mu. Saurayin da ke kwana gida ɗaya da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, a ƙauyen da motar 'yan sanda ba ta isa sai gari ya waye, in ya ce yana son abin da zai riƙe a hannu, bai yi maganar banza ba. Kishi ne ke magana a bakinsa, kuma addini bai hana mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa ba.

Manya ma sun sha faɗa. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo cikin Maris 2018. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa mutanen Katsina su nemi makami a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin wannan umarni. Da Danjuma ya maimaita kiransa a Afrilun 2025, gwamnanmu Malam Umar Namadi ya ce bai goyi baya ba, domin hakan ruɗani zai jawo. Ko wanne ɓangare ka fi karkata, ka riƙe abu ɗaya: duk jawaban nan ba su sauya ko harafi ɗaya na doka ba. Ranar da aka zaro bindiga daga ƙugunka a shingen bincike kan hanyar Kano zuwa Daura, jawabin wani gwamna ba zai tsaya maka a gaban alƙali ba.

To, bari mu yi kwatancen da ake so a yi, tunda shi ne kan hirar.

Sunayen da samari ke ambata sunaye ne na gaske. Tokarev, wadda ake kira TT, Tarayyar Sobiyet ce ta ƙera ta a shekarun 1930, tana ɗaukar harsashi 8, ƙasar Sin kuma ta kwafe ta ta baza duniya. Makarov ta gaje ta a 1951, ita ma 8 take ɗauka. Browning Hi-Power ta Beljiyam ta fito a 1935 da harsashi 13, kuma sojojin ƙasashen renon Ingila da dama sun daɗe suna rataya ta. Beretta 92 ta Italiya, mai harsashi 15, ita ce sojojin Amurka suka zaɓa a 1985. Glock 17 ta Ostiriya ta zo a farkon shekarun 1980, tana ɗaukar 17. Bidiyon da kake gani ana jera su a kan teburi ana cewa wannan ta fi waccan daraja a kan kuɗinta, yawancinsu daga Amurka suke, inda tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa damar mallakar bindiga. Can mutum zai shiga kanti ya zaɓa, a bincika sunansa, a ba shi rasit, in ta ba shi matsala ya mayar, sannan yana da filin da zai je ya koyi harbi da rana tsaka. A nan babu kanti ko ɗaya, daga Kazaure har Legas, da doka ta yarda ya sayar maka da fistol ka sa a aljihu. Saboda haka abin da zai iso hannunka ta bayan fage bai wuce iri uku ba.

Na farko ƙirar gida. Ina girmama maƙeranmu. Da garmarsu da fartanyarsu da laujensu muka ci abinci tun kaka da kakanni. Amma bakin bindiga ba ruwan garma ba ne. Lokacin da harsashin fistol ya tashi, matsin da ke cikin bututun yakan haura nauyin tan biyu a kan kowane murabba'in santimita. Masana'antar bindiga tana zaɓen ƙarfe na musamman domin wannan, ta gasa shi da awo, sannan ta gwada kowane bututu kafin ya fita kasuwa. Bututun da aka yanko daga tsohon inji aka liƙe da walda babu wanda ya gwada shi, hannunka ne wurin gwajin. In ya tsage, yatsunka da idanunka ne a kusa da shi. Yawancin irin waɗannan kuma harbi ɗaya suke yi, ko biyu, sai an sake ɗurawa.

Na biyu ya fi yaudara. Akwai bindigogin da aka ƙera domin su yi ƙara kawai, ba sa fitar da harsashi, ana amfani da su a fim da wasanni da horar da karnuka. Da yawansu daga Turkiyya ake yin su, kuma a ido ba ka bambanta su da Beretta ko Glock. Masu binciken safarar makamai sun sha samun irinsu a Nijar da sauran ƙasashen Sahel bayan wasu sun taɓa su don su riƙa harba harsashin gaske. Jikinsu na ƙarfe ne mai taushi wanda ba a yi shi don wannan aiki ba. Wanda bai sani ba zai biya kuɗin bindigar soja, ya tafi gida da abin da ka iya tarwatsewa a tafin hannunsa.

Na uku ita ce ta gaske, kuma a wurina ita ce mafi haɗari. Ka tambayi kanka daga ina ta fito. Bindigar soja ba ta tsirowa a gona. Ko dai an sace ta daga ma'ajiyar gwamnati, ko an cire ta daga jikin jami'in da aka kashe, ko ta biyo hanyar hamada cikin makaman da suka watsu bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 da rundunar 'yan sanda ta kasa faɗin inda suke, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47 ne. Kowace bindigar gwamnati tana da lamba a jikinta, lambar kuma tana cikin wani kundi. In an kankare lambar, wannan kankarewar ma shaida ce a kanka. Ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san gidan da aka shiga da ita ba, ba ka san ran da aka ɗauka da ita ba. Ranar da aka same ta a wurinka, duk tambayoyin nan kai za a yi wa. Shi kuwa dillalin da ya rantse maka cewa sirri ne tsakaninku, mutum ne da ke sayar wa kowa, har da waɗanda kake tsoro. Da zarar ya shiga hannu, sunayen waɗanda suka saya a wurinsa ne abin da zai fara fansar kansa da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko ta fuskar aiki ma, tsohuwar bindigar da ta shekara hamsin tana yawo ba abin dogaro ba ce. TT ɗin da ake yabo, asalin ƙirarta ba ta da makullin kariya irin na bindigogin zamani, kuma an san ta da tashi in ta faɗi da harsashi a baki. Harsashin da ya sha zafi da damina a cikin rami yakan ƙi tashi a lokacin da ake buƙata. Akwai kuma 'yan damfara da ke tallar hoto a Facebook da WhatsApp, ka tura kuɗi su kashe waya. Wa za ka kai wa ƙara? Wasu ma sukan dawo su ce in ba ka ƙaro ba za su tona maka asiri.

Yanzu mu ɗauka ka tsallake duk wannan, ka samu sabuwa fil, mai lafiya. Shin za ta yi aikin da ka saye ta dominsa? A soja, fistol makami ne na biyu. Hafsa ne ke rataya ta, da direba, da wanda aikinsa bai bar shi ya riƙe doguwar bindiga ba. Babu rundunar da ke fita fagen daga da ita kaɗai. A takarda ana cewa tana cin mita 50, amma wannan ga wanda ya ƙware ne. Ita ce bindigar da ta fi kowace wuyar saiti, domin bakinta gajere ne, ɗan motsin yatsa kaɗan ya isa ya kautar da harsashi. Jami'an da aka horar ma sukan kuskure a taku goma in hankali ya tashi. Ƙwarewa sai an harba ɗaruruwan harsasai. A ina za ka yi wannan atisaye a ƙasar Roni ko Gwiwa ba tare da ƙauyuka uku sun ji ba?

Su kuma waɗanda kake shiri dominsu, ka san yadda suke zuwa. Jerin babura ne, kowanne da mutum biyu ko uku, kowane mutum da AK-47 mai harsashi 30 a ɗuri ɗaya, mai kaiwa mita 300. Cikin dare suke zuwa, kai kana barci su suna farke. Harbinka ɗaya zai nuna musu ɗakin da kake, kuma abin da aka sha gani a Zamfara da Katsina shi ne inda aka harbe su aka kasa korar su, ramuwar takan faɗa kan kowa, har da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani abin da samari ba sa lissafawa shi ne, ita kanta bindigar ganima ce. Masu kai musu bayanai a cikin jama'a suke. Ranar da labari ya fita cewa akwai bindiga a gidan wane, gidan ya shiga jerin waɗanda ake so a ziyarta. Kuma labarin zai fita, domin ban taɓa ganin saurayin da ya mallaki irin wannan abu ya iya yin shiru bai nuna wa ko aboki ɗaya ba.

Sai doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, irin ta mafarauta, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da izininta. Bindigar harbin tsuntsu da ta wasanni, Sufeto Janar ne. Fistol da libarba kuwa an jera su a kashi na farko, na haramtattun makamai, layi ɗaya da bindiga mai jigida da gurneti da roka, kuma babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Ba ruwan doka da ko a Italiya aka ƙera ta ko a maƙerar bayan gari. Hukuncin wanda aka samu da haramtaccen makami ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Ko lasisin ƙananan ma, a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da bayarwa. Saboda haka duk wanda ya ce zai haɗa maka da takarda, takardar bogi yake nufi, laifi ya zama biyu.

Ka auna shekara 10 da shekarunka. In kana da 22, kana ajin ƙarshe a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko ka samu gurbi a sabuwar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, za ka fito kana da 32. Sa'anninka sun yi aure, sun yi 'ya'ya, wasu sun gina gida. Ƙofar aikin soja da ɗan sanda da kwastan ta rufe maka. Kafin ma a kai ga hukunci, akwai watanni ko shekarun jiran shari'a, da gonar da mahaifinka zai sayar ya biya lauya, da kunyar da mahaifiyarka za ta riƙa ɗauka zuwa gidan suna da gidan biki. In kuma tsautsayi ya sa ka ara wa aboki ya je ya tare wani da ita, Dokar Fashi da Makami ta 1984 hukuncin kisa ta tanada, kuma ba ta tsaya kan wanda ya riƙe bindigar kaɗai ba, ta haɗa da wanda ya taimaka. Tun Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda. Ke nan lambar wayarka a cikin wayar mai yi musu safara ta isa ta sa a tuhume ka da abin da ya fi mallakar makami nauyi nesa ba kusa ba.

Ke ma ƙanwata, wannan magana ta shafe ki. An sha kama mata a hanyoyin Arewa ɗauke da harsasai a cikin kayan abinci ko a ƙarƙashin hijabi, wasu don kuɗi, wasu don wani namiji ya ce su taimaka. In saurayi ko miji ko yaya ya ba ki ƙunshi ya ce ki ajiye masa kada ki buɗe, ki sani a wurin hukuma wanda aka samu abu a ɗakinsa shi ake fara kamawa.

Samarinmu masu tafiya ci-rani kudu su ƙara kula. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne 'yan Jihar Kano da ke komawa gida hutun Sallah daga Fatakwal. An ga bindigogin toka a motarsu, aka yi musu lakabin masu garkuwa da mutane, aka hallaka su ba tare da shari'a ba. Zalunci ne tsagwaronsa, Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne don ka ga yanayin da ƙasar ke ciki: in kayan sana'ar maharbi sun zama hujjar ɗaukar rai, me kake zato ga ɗan Arewan da aka samu da fistol a jaka?

Amma abin da ya fi damuna ba a hanya yake ba, a cikin gida yake. Bindiga za ta kwana da kai dare dubu kafin daren da ka saye ta dominsa ya zo, in ma ya zo. A duk waɗannan darare, su wa ke kusa da ita? Ka san gidajenmu. Ɗakin saurayi a zaure ko a soro ba shi da sirri. Ƙanne na shiga neman caja, 'ya'yan yayye na birgima a kan katifa, abokai na kwana. A ƙarƙashin katifa za ka sa ta, ko a buhun gero, ko a saman rufi? Duk inda ka ɓoye, yaro ɗan shekara bakwai ya fi ka sanin ɗakin. Shi kuwa abin wasa ya gani, irin wanda ake saya masa da Sallah, kuma yatsansa ya isa ya ja kunama.

Sannan akwai kai kanka. Ba kullum mutum yake cikin hankalinsa ba. Rikicin iyakar gona da damina, dabbobi sun shiga amfanin gona kafin a kwashe, bashin da aka ƙi biya, budurwar da wani ya kasa maka, zagin uwa a filin ƙwallo, zafin siyasa in zaɓe ya matso. Duk waɗannan muna da su tun da can. Da baki ake yin su, in ya yi tsanani a kai ga sanda, a fasa kai, mai unguwa ya tara dattawa, a biya kuɗin magani, bayan shekara a haɗu a ɗaurin aure a gaisa. In akwai bindiga a ƙugu, fushin minti ɗaya ya isa, kuma babu dattijon da zai iya sasanta abin da ya biyo baya. Ka ƙara da ƙwayoyin da suka yi wa wasu samarinmu katutu, ka ƙara da ranakun ƙunci da mutum kan ji duniya ta ishe shi. A Amurka, inda suka fi kowa sanin wannan, mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a 2021, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a can. Mutanen da ke da akwatin ƙarfe na kulle bindiga ke nan, da makarantun koyon riƙe ta.

Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, saboda Shaiɗan na iya fizgar hannun. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, shari'a ta ɗora masa kaffarar azumin wata biyu a jere, ta kuma ɗora wa danginsa diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya haura kilo huɗu. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin giram ɗaya na zinariya a yau, ka ninka. Wannan ma yana cikin farashin bindigar araha, kuma ba kai kaɗai za ka biya ba, har baffanninka da ba su san ka saya ba. Na kuskure ke nan. Na ganganci kuwa, ka san matsayinsa a duniya da lahira.

Wani zai ce, to in kowa ya saya fa, ai sai mu fi ƙarfinsu. An gwada wannan a gabanmu. A Zamfara, lokacin da satar shanu ta yi ƙamari, mutanen ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai da niyyar kare kai. Ba a daɗe ba wasu daga cikinsu suka fara yanke hukunci a kasuwa, suna kashe wanda ake zargi da wanda kawai ya yi kama da wanda ake zargi. Waɗanda aka taɓa suka sayar da shanu suka sayi makaman da suka fi na 'yan sa-kai. A Afrilun 2014 aka far wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima ta Ƙaramar Hukumar Maru, aka kashe mutane fiye da ɗari. Daga nan abin ya zama ramuwa a kan ramuwa, har yau ba a ga ƙarshensa ba. A ƙasar Kazaure manomi da makiyayi a kasuwa ɗaya suke ciniki, a sahu ɗaya suke salla, da yawa ma jini ya haɗa su. Wannan zaman shi ne babban abin da ya tsare mu zuwa yanzu, kuma shi bindigogin ɓoye za su fara ci.

Kakanninmu sun zauna cikin barazanar da ta fi ta yau. Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819 a tsakanin manyan maƙwabta, ɗansa Dambo ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, kuma a karo da rundunar Damagaram ya rasu. Sarkin Damagaram Tanimu a wancan zamani ya tara dubban bindigogi, har igwa ake ƙera masa a Zinder. Duk da haka garuruwan nan ba su watse ba. Abin da ya riƙe su shi ne ganuwa da aka gina da aikin gayya, da ƙofa mai mai gadi, da masu leƙen hanya da ke kawo labari kafin ƙura ta iso, da jagora guda da ake jin maganarsa. A Kano ma, Sarki Babba Zaki da ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776 shi ne aka ce ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga, kuma a ƙarƙashin sarki suke, ana sanin kowannensu. Tsaro a ƙasar Hausa aikin gari ne, mai shugaba da tsari da wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba.

Ta nan nake so ka bi da kishin nan naka. In zuciyarka na son riƙe makami da gaske, akwai ƙofar da aka buɗe domin haka: makarantar horar da kuratan soja a Zariya, Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, Jami'ar 'Yan Sanda ta Wudil, da rundunar Sibil Difens. Can za a koya maka, a ba ka bindigar da ke da rajista, a biya ka albashi, iyayenka su yi alfahari da kai. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Suna da nasu matsalolin, amma aƙalla an san sunan kowa da wanda yake amsa wa. In irin wannan ake buƙata a yankinmu, ku haɗu ku nema ta bakin dagatai da hakimai da 'yan majalisarku, a bainar jama'a. In kana cikin 'yan sintirin unguwa, ka tabbata mai unguwa da DPO sun san da ku, kuma wanda kuka kama hukuma za ku miƙa wa. In gadon farauta gare ka, ka bi ta hannun Sarkin Baka ka nemi izinin bindigar toka yadda doka ta tsara.

Kuɗin da ka tara kuma, akwai inda zai yi maka aikin tsaro na gaske. Ƙofar ƙarfe mai sakata, ɗaga katangar da ta zube, fitilar sola a ƙofar gida da bakin hanya, waya mai caji da lambobin DPO da dagaci da na ƙauyukan da ke kewaye da ku. Garin da ke sanin baƙon da ya sauka da wanda ya sauke shi, wanda ke lura da mai sayen burodi da fetur da yawa ba a san inda yake kai su ba, wanda labari ke zagaya shi cikin minti biyar, ya fi wuyar shiga a kan garin da ke da fistol goma a ƙarƙashin katifu. Ragowar kuɗin ka sa a injin ban-ruwa ko tumakin kiwo ko kuɗin makaranta.

Amsar tambayar wacce ta fi daraja a kan kuɗinta ita ce babu ko ɗaya. Kada ka saya, kada ka ara, kada ka ajiye wa kowa. In kuma ka riga ka saya, kada ka sayar wa wani, kada ka jefa a rijiya ko a dam ɗin Kazaure inda yara ke wanka. Ka samu mahaifinka ko wani dattijo da ka amince da shi ka gaya masa gaskiya, ku nemi shawarar lauya, sannan ku bi ta hannun hakimi a miƙa ta ga 'yan sanda tun kafin su zo nemanta da kansu.